Tsohuwar Na'ura Za a Gasa Ƙanena da Ita?

Tambaya: Likita, ƙanena na fama da sankarar jini, za a yi masa dashen ɓargo a Indiya. Sun ce sai an fara gasa jikinsa gaba ɗaya, kuma da tsohuwar na'urar kobalt. Hankalina bai kwanta ba. — Wata mai karatu, Kano

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, 'yar'uwa. Tsufan na'urar kaɗai kada ya tsorata ki. Tun 1951 aka fara gashi da kobalt-60 a Kanada, wato wani ƙarfe da ake sa wa cikin na'urar, mai fitar da hasken da ke kashe ƙwayoyin sankara. Ƙarfinsa na raguwa da rabi duk bayan shekara 5 da 'yan watanni, shi ya sa yake yin nawa wajen gasa ƙari. To amma gashin dukkan jiki a hankali ake son sa, domin huhu ba ya jure zafin gaggawa. Nan tsohuwar ke da rana.

Za a kwantar da shi nesa da bakin na'urar, yadda hasken zai rufe shi daga kai har tafin ƙafa, a kare huhunsa da faranti mai dalma da aka yanka daidai siffarsa. Galibi sau biyu a rana ne, kwana 3, don a kashe ragowar sankarar, jiki kuma ya karɓi sabon ɓargo.

Abin da na fi damuwa da shi awo ne. Ki tambaye su yaushe aka auna ƙarfin na'urar, kuma ko za a manna masa ma'auni a fata lokacin gashin. Ki kuma yi musu maganar haihuwa tun yanzu, don wannan gashi kan hana ta. Ana iya adana maniyyinsa kafin a fara.