Raket biyu iri ɗaya, amma hannu ya ce akwai bambanci

Tambaya: Malam, shekara huɗu ke nan ina buga tanis da yamma a nan Katsina. Bana ina shirin zuwa gasar Dala Hard Court a Kano, sai na aika Legas aka sayo mini raket na biyu irin nawa sak, kamfani ɗaya, lamba ɗaya, duka an rubuta giram 300. Amma da na ɗauki sabon sai hannuna ya riƙa makara, ƙwallo tana zarce layi. Jabu aka sayar mini ne? In mayar? (Mai karatu daga Ƙofar Ƙaura)

Amsa: Ɗan'uwa, hannunka bai yi maka ƙarya ba, kuma ba lallai ne jabu ba. Giram 300 da ke jikin raket alkawarin kamfani ne, ba awon naka ba. Manyan kamfanoni da dama sun yarda raket ya ɗara ko ya gaza abin da aka rubuta da kusan giram 7, don haka biyu da suka fito daga masana'anta ɗaya za su iya bambanta da fiye da giram 10. Giram 300 ɗin kuma na raket ne tsirara. Zare yana ƙara wajen giram 15 zuwa 18, naɗin da ake yi wa mariƙi saboda gumi yana ƙara 5 ko 6. Kafin ka yi maganar mayarwa, ka auna.

Ka ɗaura wa duka biyun zare iri ɗaya da naɗi iri ɗaya, sannan ka nemi sikeli mai nuna giram. Na kicin ya isa, amma in kana da sanayya da masu sayar da gwal a kasuwa, nasu ya fi daidai. Bayan nauyi sai rinjaye, wato inda raket ke tsayawa bai karkata ba. Ka kwantar da shi a kan tebur, ka riƙa tura kansa waje a hankali har ya fara niyyar faɗuwa, ka auna da rula daga gindin mariƙi zuwa bakin tebur. Raket na manya tsawonsa inci 27 ne, kimanin santimita 68.5, tsakiyarsa 34.3 ke nan. Awon da ya gaza haka na nufin nauyin ya koma hannu, wanda ya wuce kuma ya koma kai.

A nan ne nake zargin matsalarka take. Ka ɗauki gatari ta ƙota ka kaɗa, sannan ka juya ka riƙe wajen ƙarfen ka sake kaɗawa. Sikeli zai ce nauyi bai canza ba, kafaɗarka kuwa ta san ya canza. Haka raket yake. Giram 1 kacal a can ƙolin kai yana ƙara kusan maki 3 a nauyin kaɗawa, wanda a yawancin raket na manya yake tsakanin 300 da 340, alhali giram ɗin nan a cikin mariƙi kusan ba ya taɓa shi. Makarar da kake ji, mafi yawan lokaci kai ne ya yi nauyi.

Gyara da ƙari ake yinsa, ba da ragi ba. Mai sauƙin ake ɗagawa ya kamo mai nauyin, da tef ɗin dalma. Mu ɗauka ɗaya ya nuna giram 318 da rinjaye 32.5, ɗayan kuma 312 da 32. Ka ninka nauyin kowanne da rinjayensa: 10,335 da 9,984. Bambancinsu 351, ka raba da giram 6 da suka rage, ka sami 58.5. To a santimita 58.5 daga gindi za ka liƙa giram shidan, uku a kowane gefe. In ka ɗauki kan raket kamar fuskar agogo, wajen ƙarfe 10 da ƙarfe 2 ke nan. Da rinjayen duka biyun ɗaya ne, sai a liƙa a wuya, daidai inda ya tsaya. Tef mai faɗin rabin inci yakan ba da rabin giram a kowane inci, amma ka yanka ka ɗora a sikeli, kada ka yi da ka. Dalma guba ce, ka wanke hannu bayan aikin, kuma ka nisanta ta da yara.

Sai dai in wanda ka saba da shi ne mai sauƙin, ka sani kai ne za ka koma sabon nauyi, kuma ban so ka yi haka ana saura mako ɗaya gasa. Ka ba hannunka sati uku ko huɗu. In kuma bambancin ya haura giram 10, kuma mai shagon zai karɓa, ni dai mayarwa zan yi. Nan gaba ka sayi biyu a rana ɗaya, ka roƙi mai sayarwa ya ɗora huɗu ko biyar a sikeli ya tura maka hoto ta WhatsApp, ka zaɓi biyun da suka fi kusa.

Tambaya: Ɗana ɗan shekara 11 ya fara wasan. Na samo masa raket biyu na gwanjo, Wilson da Babolat. Wani ya ce sai an daidaita nauyinsu. In kashe kuɗin? (Wata uwa daga Daura)

Amsa: Hajiya, ki adana kuɗinki. Raket biyu na kamfani daban ba sa zama ɗaya ko da sikeli ya nuna lamba guda, domin faɗin kai da taurin jiki da yawan layukan zare sun bambanta, wani 16 da 19, wani 18 da 20. Abin da ya fi damuna shi ne tsawo. Yaro mai shekarunsa inci 26 ya fi dacewa da shi, sai in ya yi tsayi sosai, kuma ba na son ganin dalma a raket ɗin yaron da gwiwar hannunsa ba ta gama ƙwari ba. Ki bar shi ya gwada duka biyun, ya riƙe wanda yake kaɗawa ba tare da ya gaji ba, ɗayan ya zauna a jaka don ranar da zare ya tsinke. Na gwanjo kuma a duba wuyansa da gefen kai a cikin haske, in akwai tsaga kada ya buga da shi. Kuɗin ki sa a sabon zare, domin na gwanjo yawanci ya daɗe da saki.

Tambaya: Nawa biyun sun yi daidai a sikeli da rula, amma ɗaya ya fi cika mini hannu. (Malami daga Ƙofar Marusa)

Amsa: Malam, leƙa gindin mariƙin, akwai lamba. In ɗaya 2 ne ɗaya 3, kaurinsu ne ya bambanta. Ƙarin naɗi ɗaya zai ɗaga siririn ya rage kusan rabin bambancin, amma ya zo da giram 5 ko 6 a hannu, sai ka sake awo. In lambar ɗaya ce, cire naɗin sama ka duba na ƙasa, wataƙila ɗaya fata ce ɗaya roba, ko kuwa tsohon ya lotse saboda gumi. Ka sa musu sabo iri ɗaya a rana ɗaya.