An sace mini katin ATM da littafin cek ranar Asabar, in jira Litinin?

Tambaya: Ina sayar da atamfa a Kantin Kwari. Ranar Asabar da yamma aka yanke mini jaka a cikin adaidaita sahu, a ciki akwai katin ATM, littafin cek da ƙaramar wayar da nake samun saƙon banki. Babu wanda ya san lambar sirrina. Zan iya bari sai Litinin in je banki?

Amsa: Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Amma kada ka jira Litinin, yau za ka rufe asusun.

Lambar sirri tana tsare ka a injin ATM da na'urar POS, amma ba ko'ina ake neman ta ba. A jikin katin akwai doguwar lamba, da ranar ƙarewar aikinsa, da lambobi 3 a bayansa, kuma wasu shafukan sayayya na ƙasashen waje waɗannan kaɗai suke nema. In katin na irin wanda ake ɗorawa a kan na'ura ne ba tare da an zura shi ba, ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya, CBN, ya fitar a 2023 ta yarda a cire har naira 15,000 a lokaci guda, 50,000 a yini, babu lambar sirri.

Wayar ta fi katin haɗari. Wanda layinka yake hannunsa zai danna *565*0# ya ga BVN ɗinka, kuma duk lambar OTP, wato lambar tabbatarwa ta amfani sau ɗaya, da banki zai turo wajensa za ta je. Da waɗannan da lambobin katin, ɓarawo yana iya sake lambar sirrin tura kuɗi ta waya, ko ya ci bashi da sunanka a manhajojin ba da rance. Yawancin asusun da ake kwashewa bayan satar waya ta nan ake bi.

Ari wayar wani ka danna lambar rufe asusu ta bankinka: Access *901*911#, First Bank *894*911#, UBA *919*911#, Zenith *966*911#. Za a nemi lambar asusunka ko lambar layin da ka yi rajista da shi. Wannan yana hana kuɗi fita, kai ma ba za ka iya cirewa ba sai ka je reshe da kanka, don haka ka tanadi abin cefane na kwana biyu. In kana da manhajar bankin a wata waya, toshe katin daga can. Sannan ka kira sashen kula da abokan hulɗa na bankin, wanda yake aiki dare da rana, ka ce a kashe katin gaba ɗaya. Rubuta lokacin da ka kira da lambar ƙorafin da suka ba ka, domin ita ce hujjarka in kuɗi suka fita bayan ka sanar. Lambar kiran ka ɗauko ta daga shafin bankin na ainihi, don 'yan damfara sun cika Facebook da shafukan bogi masu sunan bankuna. Ma'aikacin gaskiya ba zai tambaye ka lambar sirri ko OTP ba.

Daga nan ka kira kamfanin layin a dakatar da shi, ka je ofishinsu da NIN a yi maka sabo da lambarka ta da.

Maganar cek tana buƙatar takarda. Rubuta wa manajan reshe umarnin dakatar da biya, ka saka lambar asusu da jerin lambobin ganyen da suka ɓata, daga kaza zuwa kaza. In ba ka riƙe su ba, bankin yana da lambobin littafin da ya ba ka, kuma bayanan asusunka za su nuna ganye na ƙarshe da aka biya. A nan 'yan kasuwa suke yin kuskure: sai su soke littafin duka, su manta sun ba dila cek mai kwanan wata na gaba. Ranar da ya kai banki sai a dawo masa da shi, amana ta lalace. Ware waɗannan lambobi, ko ka kira mutanen ka canza musu. In kuwa akwai ganyen da ka riga ka sa wa hannu babu adadin kuɗi, shi za ka fara ambata, don banki zai ga sa hannunka na gaskiya ne. Cek yana aiki wata 6 daga kwanan watan da ke jikinsa, kuma wanda babu kwanan wata ɓarawo ne zai rubuta nasa.

Ranar Litinin ka fara da ofishin 'yan sanda ka karɓi rahoto, wasu bankuna kuma suna neman takardar rantsuwa ta kotu. Je reshe da katin shaida, ka nemi bayanan asusu tun daga ranar Asabar, ka duba layi-layi, har ƙananan cirewa na naira 50 ko 100, don da su ake gwada ko kati yana aiki. Abin da ba kai ka cire ba, cike takardar ƙorafi nan take. In mako 2 ya wuce banki bai warware ba, kai ƙara sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na CBN tare da lambar ƙorafinka. A 2020, jadawalin cajin CBN ya sanya kuɗin sabon kati a kan naira 1,000 da harajin VAT. In tsohon ya dawo hannunka daga baya, karya shi ta kan ɗan ƙarfen nan mai ruwan zinare, don katin da aka kashe ba ya sake aiki.