Gahawar da Ba Ta Hana Barci

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na fi shekara goma ina shan gahawa safe da yamma. Kwanan nan likita ya ce in rage saboda faɗuwar gaba da rashin barci. Na sayi wadda aka rubuta an cire mata kafeyin, wato sinadarin da ke hana barci, sai na ji ta lami, ba ƙamshi ba armashi. Ga shi kuma wata ƙawata ta ce da sinadarai masu guba ake wanke ta. Gaskiya ne? Kuma ashe ba a samun bishiyar da tun asali ba ta da kafeyin, kowa ya huta? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama, Allah ya ƙara sauƙi. Ƙawarki ta faɗi gaskiya, sai dai gaskiyar ta kwana biyu. Mutumin da ya fara wannan sana'a, Ludwig Roselius, ɗan kasuwar birnin Bremen a Jamus, ya yi wa dabararsa rajista a 1906, kuma da sinadarin benzin yake tsamo kafeyin. Daga baya aka tabbatar benzin na jawo cutar daji, aka yi watsi da shi. Tsoron ne ya ƙi tafiya.

A yau hanyoyi huɗu aka fi bi, kuma dukansu a kan ɗanyar ƙwaya ake yi, tun ba a gasa ta ba. Ana turara ta ko a jiƙa ta har ta kumbura, sannan a sa abin da zai janye kafeyin. Wasu masana'antu suna amfani da metilin kuloraid, wanda shi ne ake ta ce-ce-ku-ce a kansa. Wannan sinadari yana tashi ya bi iska a zafin digiri 40 na ma'aunin Salshiyas, ita kuwa gahawa ana gasa ta a zafin da ya haura digiri 200, don haka abin da ke saura bai taka kara ya karya ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ƙayyade kada ya wuce kashi 10 cikin miliyan. A Kolombiya an fi amfani da etil asitet da ake samu daga rake, har yakan bar wani ɗan zaƙi-zaƙi a baki. Sai hanyar Swiss Water da ake yi a Kanada: ruwa ne da aka riga aka ƙosar da shi da duk sinadaran ɗanɗanon gahawa in ban da kafeyin, saboda haka idan aka zuba sabuwar ƙwaya a ciki, kafeyin ne kaɗai ke samun gurbin fitowa, sai matatar gawayi ta kama shi. Ni wannan dabara ta fi burge ni. Ta huɗu ita ce ta Kurt Zosel na cibiyar bincike ta Max Planck a Jamus, inda ake matse iskar kabon dayoksaid har ta zama ba iska ba ba ruwa ba, ta ratsa ƙwayar ta kwaso kafeyin. Idan hankalinki bai kwanta da sinadari ba, nemi ɗaya daga cikin biyun ƙarshe, yawanci suna rubutawa a jikin leda.

Maganar lami kuwa, ba na ɗora wa cire kafeyin laifin duka. Shekara da shekaru kamfanoni sun saba tura ƙwayar da ta fi kowacce araha zuwa masana'antar cirewa, a tunaninsu mai shan irin wannan ba zai tantance ba. Sannan ƙwayar da aka jiƙa aka sake busarwa takan yi duhu, mai gashi ya kasa gane lokacin saukewa, ya ƙona ta. Mugun iri, mugun gashi, ina daɗi zai fito? Masu noman gahawa ta musamman su ne suka fara gyara wannan. A wurinsu sai ƙwararrun masu ɗanɗano sun ba gahawa maki 80 ko fiye cikin 100 kafin ta shiga wannan aji. Manomin yana tsinko jajayen 'ya'ya nunannu kaɗai da hannu, yana auna zaƙinsu da na'ura, yana lura da zafi da tsami a lokacin da ake tsima su, sannan ya shanya har danshin ya sauko tsakanin kashi 10 zuwa 12. Irin wannan ƙwaya ko an cire mata kafeyin tana riƙe mutuncinta.

Tambayarki ta ƙarshe ta fi min daɗi. Akwai irin bishiyar, amma akwai dalilin da ba ta cika kasuwa ba. Kafeyin makami ne a wurin tsiron, da shi yake korar ƙwari. A cikin manyan nau'o'in gahawa biyu, ƙwayar Arabika na da kafeyin kusan kashi 1.2 cikin 100, Robusta mai jure wuya kuwa ta kusa ninka haka. Akwai nau'in Laurina daga tsibirin Reunion, wanda kafeyinsa kusan rabin na Arabika ne, ga daɗi ba ɗaci, amma shagwaɓaɓɓe ne a gona: 'ya'ya kaɗan, cuta da ƙwari ba sa raga masa, shi ya sa yake da tsada. A 2004 masana a Kamfinas ta Brazil suka bi bishiyoyi 3,000 'yan asalin Habasha ɗaya bayan ɗaya, suka tsinci uku da kusan ba su da kafeyin sam. Murna ta koma ciki da aka ga ba sa yin 'ya'yan kirki, sai aka shiga haɗa su aure da nau'o'i masu yabanya. Bishiyar gahawa kan yi shekara uku zuwa huɗu kafin ta fara haihuwa, kin ga kowane gwaji sai an yi zaman jira. A Kamaru ma an gano wata ta daji, Coffea charrieriana, wadda aka bayyana a 2008, ba ta da kafeyin, amma ba a noma ta don kasuwa.

Ki kula da abu biyu. Gashi mai duhu ba ya ƙone kafeyin, kada ɗacinsa ko baƙinsa ya ruɗe ki. Sannan "an cire" ba ya nufin babu ko ɗigo: kofi ɗaya na gahawar da aka saba yana ɗauke da kusan miligiram 95, wadda aka cire wa kuwa tsakanin 2 zuwa 15. Ki kai wa likitanki waɗannan lambobi ya faɗa miki kofi nawa zai yarje miki. Idan kin tashi saye, ki ɗauki wadda aka rubuta ƙasar da ta fito, hanyar cirewa da ranar gashi, ki sayi kaɗan-kaɗan, domin ƙamshinta ya fi saurin gudu idan an buɗe leda.