Amsa kan Auto Union Type C: ba wurin injin ne matsalarta ba

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gaskiya ne Auto Union Type C, motar tseren Jamus ta 1936, ta gagari direbobi saboda an sa mata injin a baya. Ni dai na daɗe ina gyaran tsofaffin Volkswagen Beetle, kuma ofishin Ferdinand Porsche ne ya zana duka biyun, don haka ina da abin cewa.

Dokar tsere daga 1934 zuwa 1937 ta ce kada mota ta wuce kilo 750, ban da mai, ruwa da tayoyi. Ba ta ƙayyade girman injin ba. Sai Jamusawa, da tallafin gwamnatin Hitler, suka shiga cusa manyan injuna cikin jiki marar nauyi. Type C, wadda aka ƙera a masana'antar Horch da ke Zwickau, tana da silinda 16, lita 6, da famfon da ke tura iska da mai cikin injin da ƙarfi. Ƙarfin doki kusan 520 take bayarwa. Injin yana bayan direba amma gaban aksul, tankin mai kuma a tsakiya, ta yadda ko man ya ragu nauyin gaba da na baya ba sa sauyawa sosai. Wannan dabara ba ta da aibi.

Inda gizo ke saƙa shi ne ƙafafun baya. Kowane ɓangaren aksul yana lilo ne daga jikin giyabos, irin tsarin tsohuwar Beetle. Duk wanda ya ɗaga Beetle da jak ya ga yadda tayoyin baya ke karkacewa su shige ciki. Haka suke yi a kwana idan an shigo da gudu: taya ta tsaya a gefenta, riƙon ƙasa ya ragu, baya ya kwashe. Beetle da ƙarfinta bai taka kara ya karya ba ma tana juya mutum, balle doki 520 a kan siraran tayoyi. Ga shi direba yana zaune can gaba, kafin jikinsa ya ji bayan ya fara zamewa, aikin gama ya gama. Shi ya sa a tseren hawan dutse ake sa wa motar Hans Stuck, ɗaya daga cikin direbobin Auto Union, tayoyi bibbiyu a baya.

Wanda ya iya da ita shi ne Bernd Rosemeyer, kuma a ganina don daga tseren babur ya fito, bai saba da mota mai injin a gaba ba, hannunsa bai ɗauki wata ɗabi'a ba. A 1936 ya ci gasar Jamus, Suwizalan da Italiya, ya zama zakaran Turai. A shekarar ce Achille Varzi ya ci ta Tarabulus a Libiya da irin motar. Rosemeyer ya rasu ranar 28 ga Janairu 1938 a babban titin Frankfurt zuwa Darmstadt, yana neman kafa tarihin gudu.

Su kansu injiniyoyin sun gano bakin zaren. A Type D ta 1938, mai silinda 12 da lita 3, sun bar injin inda yake, suka sauya ƙafafun baya zuwa tsarin De Dion, wanda ke riƙe tayoyin baya a tsaye ba sa karkacewa, suka ja kujerar direba baya kaɗan. Da ita Tazio Nuvolari ya ci gasar Monza a Italiya da ta Donington a Ingila a wannan shekara.