Ɗanyen katako da hunturun Katsina

Yaro, tambayarka ita ce: tunda dattawan coci sun biya rabin kuɗin bencinansu, katako ya iso, Kirsimeti kuma ya matso, me ya hana mu fara bugawa? Jawo kujera ka zauna, amsar tana da ɗan tsawo.

Katakon nan daga kurmi ya zo, wajajen Ondo da Edo, inda ruwa ke kaiwa har watan Oktoba. An kayar da icen, an tsaga, an loda a mota, bai sha iska ba. Ɗora tafin hannunka a kai, za ka ji sanyi. Ɗaga shi, ya fi na bara nauyi nesa ba kusa ba. Duk ruwa ne a cikinsa, mu kuma muna bakin hunturu, lokacin da iskar garin nan ke tsotse danshin komai. Katako idan yana bushewa ba ya raguwa a tsawo sai ɗan abin da ba a rasa ba, a faɗi yake tsukewa. To idan ka haɗa benci yau, ƙusa ta riƙe nan ta riƙe can, shi kuma dole ya tsuke, sai ya tsage ta tsakiya ko ya bankare. Haɗin mace da namiji, wato inda ake cusa bakin wani katako a ramin wani, da ka matse da guduma, kafin bazara zai riƙa girgiza a raminsa. Fenti zai rufe maka asiri ranar Kirsimeti, amma kafin Ista kowa ya gani.

Wannan ban koye shi wurin mahaifina ba, wurin kakana na koya, wanda muke ce wa Baba Tsoho. Bamaguje ne daga ƙauyukan Malumfashi. Yana saurayi ya rako wani yayansa jinya Babbar Ruga, kusa da birnin Katsina, inda 'yan mishan na SIM suka riƙe aikin kula da masu cutar kuturta tun shekarun 1930. Can ya koyi karatun boko da Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara buga shi cikakke a 1932, can kuma ya fara riƙe zarto, ana gyaran ƙofofi da gadajen majinyata. Ya koma gida Kirista kuma kafinta. Danginsa sun jima ba su ci tuwo kwano ɗaya da shi ba, amma idan ƙyauren rumbu ya karye, wurinsa ake zuwa. Da aka kafa cocin ECWA a 1954 yana cikin masu ɗaukar ƙasa suna gina ɗakin sujadar ƙauyensu, bencinan ciki kuma shi ya yi su da maɗaci.

Mutum ne da ba ya yawan wa'azi. Da asuba zai tara mu, mata da 'ya'ya da jikoki, a rera waƙa ɗaya, ya karanta sura, ya yi addu'a yana kiran sunan kowa, har jikan da ke goye. Wanda ya makara, kokonsa na nan, amma sai ya saurari surar shi kaɗai. Ranar Lahadi ko ƙusa ba ya tsinta. Kakarmu in ta tafi taron Zumuntar Mata, shi ke zama da yara, abin da maza da yawa na zamaninsa ke ganin ƙasƙanci ne. Kuɗin makarantar 'ya'yan ƙaninsa da ya rasu, daga bakin zarton nan suka fito.

Inda na fi ganin addininsa kuwa, a wurin ciniki ne. Yakan tuna mana cewa littafin Karin Magana na cikin Littafi Mai Tsarki ya ce Ubangiji yana ƙyamar ma'aunin zalunci, shi kuma sai ya ce sayar da ɗanyen katako a matsayin busasshe tauye mudu ne, ko da tef ɗinka bai yi ƙarya ba. Kai ma ka san wannan daga Alƙur'ani, akwai sura guda a kan masu tauye awo. Na sha gani mai aiki ya zo da kuɗi a hannu, biki ya matso, Baba Tsoho ya ƙwanƙwasa katakon da ɗan yatsa, ya saurara, ya ce ba zai yi ba sai bayan wata kaza. Wasu su yi fushi su kai wani wuri. Kakarmu ta yi ta mita, don akwai ranakun da cefane ke wuya, kuma ni dai ban ga laifinta ba. Shi kuwa bai taɓa sauya magana ba. Abokan cinikinsa mafi yawa Musulmi ne, kuma har makarar masallacin unguwa shi suka ba ya gyara, don sun san abin da ya haɗa ba ya sakin gawa a hanya. Ranar jana'izarsa, waɗanda suka tsaya a wajen coci suna jira a fito sun kusa kai na ciki yawa.

Yanzu ga yadda za ka gane katako ya yi. Busasshe in ka buga shi yana amsawa da ƙara mai kaifi, ɗanye kuwa dum kake ji. In ka yanka, garin busasshe yana tashi, na ɗanye yana dunƙulewa a haƙoran zarto. Kuma kada ka yarda da fuskarsa, yanki guntu ka taɓa cikin, don waje na rigan ciki bushewa.

Shanya shi ma akwai ƙa'ida. Ba a jefa shi a rana, zafin zai fasa shi. A inuwa ake jerawa, a ɗaga shi daga ƙasa a kan bulo saboda gara, a sa 'yan sanduna masu kauri ɗaya tsakanin kowane layi, kowace sanda daidai kan ta ƙasanta, iska ta riƙa ratsawa. A ɗora nauyi a sama don kada ya murɗe. Bakin katakon biyu a shafa musu tsohon fenti, saboda ta nan ruwa ya fi saurin fita, ta nan kuma tsagewa ke farawa.

Dattawan cocin kuwa, gobe za mu je tare, ka ji yadda ake faɗa wa mai kuɗi gaskiya ba tare da an ɓata ba. Muna da busasshen katako na bara da zai isa bencinan sahun gaba, waɗannan za su samu kafin Kirsimeti. Sauran su yi hayar kujerun roba na ranar, mu kai musu nasu kafin Ista. In sun ce ba za su jira ba, kuɗinsu na nan cikin ambulan ban taɓa ba, mu miƙa musu. Ɗauko bulo huɗun can, mu fara jerawa kafin rana ta take.