Amsa: Tarihin Kakuri da hanyar zuwa

Malam, ka tambayi yadda Kakuri da ke birnin Kaduna ta zama unguwar masana'antu da yadda ake shigarta. Da can ƙauye ce a kudancin kogin Kaduna, layin dogo na Legas zuwa Kano ya ratsa ta. Masaƙar Kaduna Textiles Limited (KTL) da aka buɗe a 1957 ce ta fara jawo mutane, masaƙun United Nigerian Textiles (UNTL) da Arewa Textiles suka biyo baya, Peugeot kuma ya fara harhaɗa motoci a 1975. Yau yawancin masaƙun a rufe suke, abin takaici.

Kada jirgin ƙasan Abuja ya ruɗe ka, ba ya zuwa Kakuri, a unguwar Rigasa yake tsayawa. Daga nan sai ka nemi mota ko Keke Napep. In ta titin Abuja ka taso, tun kafin ka haye gadar kogi ka iso.