Cin abinci a ƙananan gidajen abincin Japan: romon ramen, mirin da teburin giya

Tambaya:

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ɗalibi ne, ina digiri na biyu a birnin Osaka na ƙasar Japan. Sau da yawa sai dare ya raba nake fitowa daga ɗakin bincike, ga gajiya ba halin girki, sai in faɗa ƙananan gidajen abincin unguwarmu. Naman alade ba na ci. In an kawo mini ramen, wato taliyarsu mai romo, nakan tsame yankan aladen da ke kai in ci taliyar, ko in ce a ba ni kaza ko kifi. Wani ɗan'uwa ya ce in yi bismillah kawai in ci, kuma wai giyar da suke zubawa a girki wuta na ƙone ta. Sannan farfesanmu yakan kai mu cin abinci, su suna shan giya ni ina shan shayi. Mene ne hukuncin wannan duka?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka damu da abin da ke shiga cikinka alhali kana inda babu mai sa maka ido.

Wurin da na tsaya a tambayarka shi ne faɗinka kana tsame yankan alade ka ci sauran. Wannan yankan shi ne ƙaramin abu a kwanon. Ramen romonsa ne ginshiƙinsa, kuma wanda suke kira tonkotsu ƙasusuwan alade ake tafasawa awoyi da yawa har ruwan ya yi fari ya yi kauri. Waɗanda ake kira shoyu ramen ko miso ramen ma, a shaguna da dama ana haɗa ƙashin alade da na kaza a tukunyar, ko a ɗiga kitsen alade a kai. To taliyar da ta sha wannan romon alade ka ci, ko da ba ka tauna tsoka ba. Babu saɓanin malamai a nan. A mazhabarmu ta Malikiyya an faɗa a sarari cikin Mukhtasar na Shehu Khalil cewa abinci mai ruwa-ruwa, komai yawansa, yana najastuwa da najasa ko kaɗan ce, kuma man da najasa ta gauraya da shi da naman da aka dafa da ita ba sa tsarkakuwa. Daga nan za ka fitar da hukuncin gyoza, wato ƙananan ƙunshin fulawa da galibi da niƙaƙƙen alade ake cusa ta, da soyayyiyar shinkafar gidajen abincin Sin da ake yi da man alade, da jatan landen da aka soya a kaskon da aka gama suyar tonkatsu, wato soyayyen naman alade. Ka bar ramen ɗin unguwa, sai shagon da ka tabbatar na halal ne.

Kaza kuwa, abin dubawa shi ne wanda ya yanka ta. Allah ya halatta mana yankan Ahlul Kitabi, wato Yahudu da Nasara. Mafi yawan mutanen Japan kuwa Shinto da addinin Buddha suke bi, Kiristocinsu ba su wuce kusan ɗaya cikin ɗari ba, don haka yankansu bai shiga wannan rangwamen ba. Hadisin da ɗan'uwanka ya jingina da shi, wanda aka tambayi Annabi (SAW) game da naman da ba a san ko an ambaci sunan Allah a kansa ba ya ce a yi bismillah a ci, ingantacce ne, yana cikin Bukhari daga Nana A'isha, amma ita da kanta ta bayyana cewa masu kawo naman mutane ne sababbin shiga Musulunci. Musulmi ne ake shakkar ko sun ambaci sunan Allah, sai aka ce a kyautata musu zato. Bismillarka a kan faranti ba ta mayar da mushe yankakke. Gaskiya ne Japan na shigo da kaza mai yawa daga Brazil da Thailand, kuma wata tana zuwa da shaidar halal a jikin kwali. In mai shagon ya nuna maka wannan shaidar, matsalar yanka ta kau, sai a koma duba tukunya da mai. Tsammani kawai ba ya isa, domin asalin nama hani ne har sai an san yanka.

A kifi Allah ya yalwata maka, kuma ya ajiye ka a ƙasar kifi. Duk abin da ke rayuwa a teku halal ne a wurin Malik, ba ya buƙatar yanka: kifi, jatan lande, ƙaguwa, da irin su tako da ika, halittun teku masu hannaye da yawa da ba mu saba gani a gida ba, ɗanye ko dafaffe. In ka ga abokinka ɗan Pakistan ko Bangladesh yana ƙin wasu, mabiyin mazhabar Hanafiyya ne, su kifi kaɗai suka halatta, kada ka yi jayayya da shi. Romon dashi da ake yi da busasshen kifi da ciyawar teku shi ma babu laifi. Khal ɗin (vinegar) da ke cikin shinkafar sushi halal ne.

Saura maganar wuta na ƙone giya, kuma a nan zan daɗe, don ita ce ta fi ruɗin ɗalibanmu, kuma akwai masu ilimi na zamani da suka yi sassauci a kusa da ita. Girkin Japan ya dogara ƙwarai da abubuwa biyu, sake da mirin. Sake giyar shinkafa ce da kowa ya sani. Mirin na asali, wanda suke kira hon-mirin, shi ma giyar shinkafa ce mai zaƙi, barasar da ke cikinsa ta kai kusan kashi 14 cikin ɗari, daidai da giyar inabi. Shi ne ke cikin miyar teriyaki, da abin da ake shafa wa gasasshen kifin unagi, da ruwan da ake tsoma taliyar soba, da yawancin dafaffen kifinsu mai zaƙi-zaƙi. Masu sassauci suna cewa abin kaɗan ne, ya narke ya ɓace cikin abinci, kuma ko tukunya guda mutum ya cinye ba zai bugu ba, saboda haka hadisin da ya ce abin da mai yawansa ke bugarwa kaɗan ɗinsa haramun ne bai hau kansa ba.

Ban gamsu da wannan ba. Da farko a dubi mirin ɗin kansa kafin a dubi miyar: mai yawansa yana bugarwa, a da can sha ake yi, har yau ana haɗa abin shan bikin sabuwar shekararsu da shi, kuma dokar Japan kanta a sahun giya ta ajiye shi tana karɓar harajin giya a kansa. Sunansa khamru a shari'a. Sai kuma ƙa'idar ɓacewa da suke kafa hujja da ita. Malaman da suka yi maganarta suna nufin ɗigon da ya faɗa cikin abu mai yawa har babu sauran launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa. Mai girkin Japan kuwa da gangan yake zuba mirin, cokali bayan cokali, don zaƙinsa da ƙyallin da yake ba kifi da kashe ƙarni. Abin da ake zubawa domin a ji shi a baki, ta yaya za a ce ya ɓace? Da ya ɓace da ba su sayo shi ba.

Batun wuta kuma, ba ta cinye barasa duka sai an daɗe ana tafasawa, kuma da yawa daga waɗannan miyoyin a ƙarshen girki ake zuba su, wasu ma ba sa ganin wuta sosai. Kai da ke zaune a kujera ba ka san minti nawa ta yi a kasko ba. Ko da ta ƙone ƙurmus, a wurin jumhur da ke ganin giya najasa ce, abincin ya riga ya najastu tun lokacin da ta shiga, tafasa ba ta wanke shi. Na san Rabi'a malamin Malik da Laisu ɗan Sa'ad da wasu na baya kamar Shaukani ba su ɗauki giya najasa ba. Amma ko su ba su ce a zuba ta a tukunya ba, domin Allah cewa ya yi ku nisance ta. Lokacin da Abu Ɗalha ya tambayi Annabi (SAW) game da giyar da marayu suka gada, umarni aka ba shi ya zubar, dukiyar marayu ce kuwa. Wasu kuma suna kwatanta wannan da barasar da ke cikin magani. Magani lalura ce ta kai mutum gare shi, kai kuwa a shagon nan ɗaya akwai kifin da aka gasa da gishiri kawai. Duk da haka, in ka ga wani Musulmi ya bi fatawar masu sassauci, kada ka fasiƙantar da shi. Ka dai san abin da ni na ba ka.

Kada kuma wannan ya kai ka ga haramta shoyu, miyar waken soya da ke kan kowane teburi. Ita ɗan abin da ke cikinta na barasa daga tsimuwar wake da alkama yake fitowa da kansa, kamar yadda ƙullun waina ke tashi in ya kwana. Ba a yi ta don sha ba, kuma gishirinta ba zai bar kowa ya sha har ya bugu ba. Halal ce, haka miso, wato kwaɓin tsimammen waken soya. Wanda ya sami mai tambarin halal ya saya don gida, ya kyauta.

Zamanka da farfesa ya fi damuna fiye da yadda ya dame ka, don ka kawo shi a ƙarshe kamar ƙari. Hadisin Jabir da Tirmizi ya ruwaito ya hana mai imani da Allah da ranar lahira zama a teburin da ake zagaya giya a kansa, kuma shayin da ke gabanka bai fitar da kai daga teburin ba. Akwai bambanci tsakanin shagon shinkafa da kifi da wani can a gefe yake shan kwalbarsa, wannan ka ci abincinka ka tashi, da izakaya, wato mashayarsu mai abinci, da aka taru domin shan. Na san a can ana ɗaukar wannan zaman wani ɓangare na aiki, kuma ɗalibi baƙo yana tsoron a ce ba ya shiga mutane. Ka sami farfesan shi kaɗai, cikin ladabi, ka gaya masa addininka ya hana ka, ka roƙi a riƙa yin wani taron da rana. Mutane ne masu girmama wanda ke da ƙa'ida in ya faɗe ta tun wuri kuma bai canja ba. In wata rana ka rasa mafita, ka gaisa, ka ci abin da ya halatta, ka yi sallama kafin shan ya yi nisa, zuciyarka tana ƙi. Abu ɗaya ne babu rangwame a cikinsa: al'adarsu ce ƙarami ya tsiyaya wa babba giya a kofi. Kada hannunka ya taɓa kwalbar nan, mai shayar da ita yana cikin waɗanda aka la'anta.

Abin da ya wuce ka ci bisa rashin sani ko bisa fatawar ɗan'uwanka, ka yi istigfari ka wuce, babu kaffara a kanka. Nan gaba ka riƙe kalmomi uku, buta wato alade, da sake, da mirin, ka sa wani abokinka ɗan ƙasar ya rubuta maka tambayar a takarda ka riƙa nunawa. Ka zaɓi shago ɗaya ko biyu ka zama ɗan gida, mai shagon da ya san ka zai gasa maka kifi da gishiri ba tare da ya yayyafa sake ba. Sashimi wato yankan ɗanyen kifi, farar shinkafa, tofu wato awara, dafaffen ɗanyen waken soya, duk suna gabanka. In ya amsa maka ka yarda da shi, kada ka bi shi madafa kana bincike, waswasi ma cuta ce. Kwanonsu da aka wanke ka ci a ciki, hadisin Abu Sa'alaba da ya ba da izinin a wanke kwanukan waɗanda ba Musulmi ba a ci a ciki ya isar.

Gidajen kori da ake kira na Indiya kada sunan ya ruɗe ka, da yawansu 'yan Nepal ne mabiya Hindu ke riƙe da su, sai ka tambayi naman. Na 'yan Pakistan da Indonesiya da Turkiyya sun fi kusa, haka na Musulmin Sin masu taliyar Lanzhou, irin waɗanda 'yan kasuwarmu suka saba da su a Guangzhou. Kobe kuma ba ta da nisa da kai, masallacinta tun 1935 yake tsaye, kuma akwai shagunan naman halal a kewayensa. Ka je Juma'a in ka sami sarari, ka sayo nama, ka yi miya mai yawa ranar hutu ka raba a firji, don daren da ka fito a gajiye ka tarar da abin ɗumamawa. Yawan kaɗaici da yunwar dare su ne ke sa mutum ya fara sassauta wa kansa, saboda haka ka nemi 'yan'uwa Musulmi ku riƙa ci tare.

Allah ya ba ka sa'ar karatu, ya dawo da kai gida lafiya. Wallahu a'alam.